Kuskuren "Module not found" a JavaFX: yadda za ka gano inda matsalar take idan ka ƙara sabon laburare

Darasin yau na masu rubuta manhajar kwamfuta da Java ne, musamman waɗanda suka fara taɓa JavaFX. Idan har yanzu a waya kake koyo, kada ka wuce, domin akwai sashen da za ka iya gwadawa a wayarka, kuma ranar da ka samu kwamfuta wannan kuskuren yana cikin na farkon da za su tare ka.

Bara, gab da shiga noman rani, wani Alhaji mai shagon taki da maganin feshi a nan Ikara ya ba ni aiki. Yana ba manoman tumatir kaya bashi, sai an fara ɗiba su biya, kuma lissafin duk yana cikin manyan littattafai uku da yaran shago ke rubutawa, kowa da irin rubutunsa. Yana son manhaja a kwamfutar shagon wadda za ta nuna masa wane ne ya karɓi me, nawa ya biya, nawa ya rage, ba tare da intanet ba. Na karɓi rabin kuɗin, na yi alkawarin ranar Asabar. Zuwa daren Alhamis fuskar manhajar ta kammala, saura in haɗa ta da rumbun ajiye bayanai. Na ɗauko laburaren SQLite, na saka, na danna maɓallin kunnawa, sai ga jan rubutu:

```
error: module not found: sqlite.jdbc
```

Fayil ɗin yana nan, ina kallonsa da idona a cikin folda. Na cire na mayar, na rufe Eclipse na buɗe, na sake sauke fayil ɗin har sau biyu da 'yar datar da ta rage mini. Har batirin kwamfutar ya mutu ban gane komai ba. Washegari da na gano matsalar, layi ɗaya ne, kuma da na san umarnin da zan nuna maka a ƙasa da minti biyu ya ishe ni.

Mene ne modul, kuma me ya kawo shi

Kafin shekarar 2017, Java ba ta da wannan fitinar. Duk fayilolin jar da manhajarka ke buƙata sai ka zuba su wuri ɗaya da ake kira classpath, kowa yana ganin kowa, kamar filin kasuwa. Sauƙi gare shi, amma yana da illa: idan wani laburare ya ɓace, manhajar za ta tashi lafiya lau, sai mai shago ya danna maɓallin da ke buƙatarsa sannan ta faɗi a hannunsa.

A watan Satumba na 2017 aka fitar da Java 9 da tsarin modul, aikin da aka yi shekaru ana yi da sunan Project Jigsaw ƙarƙashin jagorancin Mark Reinhold. Ita kanta Java aka yanyanka ta gida-gida: java.base, java.sql, java.desktop, java.xml da sauransu. Idan ka rubuta `java --list-modules` za ka ga jerinsu. Bayan shekara ɗaya, a Java 11, aka cire JavaFX daga cikin JDK gaba ɗaya, ta koma abin da kake saukewa daban da sunan OpenJFX. Wannan ne ya sa masu JavaFX suka fi kowa cin karo da kuskuren modul, kuma shi ya sa bidiyon koyarwa da aka yi a zamanin Java 8 zai kai ka ya baro.

Ka ɗauki modul kamar gida mai katanga da zaure. Fayil ɗin module-info.java shi ne mai gidan da ke zaune a zauren. Da kalmar `requires` yake faɗin gidajen da yake hulɗa da su. Da `exports` yake faɗin abin da baƙo zai iya gani daga zaure. Da `opens` yake ba wani izinin shiga har cikin gida. Duk gidan da bai ambata ba, ko katangarsu ɗaya, babu gaisuwa tsakaninsu. Ga yadda nawa yake a farkon aikin:

```
module shago {
    requires javafx.controls;
    requires javafx.fxml;
    exports shago;
}
```

Muddin wannan fayil yana cikin aikinka, manhajarka mai modul ce, ko ka sani ko ba ka sani ba. Da yawa ba su ma san sun ƙirƙire shi ba, Eclipse ko IntelliJ ne ya tambaye su lokacin buɗe sabon aiki suka danna amincewa suka wuce.

Wani abu kafin mu ci gaba. Kalmar modul da kake gani a Android Studio wani abu ne daban, haka ma ModuleNotFoundError na Python. Suna ne kawai ya zo ɗaya, maganin wancan ba ya yi wa wannan.

Tambaya ta farko: mene ne sunan laburaren na gaskiya

A nan na faɗi, kuma a nan na ga mafi yawan mutane suna faɗuwa. Sunan fayil daban, sunan da ake rubutawa a Maven daban, sunan modul kuma daban. Wanda `requires` ke so shi ne na ukun.

Java tana samo sunan modul ta ɗaya daga hanyoyi uku. Idan masu laburaren sun saka nasu module-info a ciki, sunan da suka rubuta shi ne suna. Idan ba su saka ba amma sun rubuta layin Automatic-Module-Name a cikin fayil ɗin MANIFEST.MF, sai a ɗauki wannan. Idan duk babu, sai Java ta ƙirƙiro suna daga sunan fayil ɗin: ta cire .jar, ta cire lambar siga, ta mayar da duk wata alama da ba harafi ko lamba ba zuwa ɗigo. Ta haka ne tsohon sqlite-jdbc ya zama sqlite.jdbc. Mutumin da na kalli bidiyonsa da tsohuwar siga yake aiki, sunan ya yi masa daidai. Ni kuwa sabuwa na sauke, wadda masu ita suka riga suka raɗa mata suna, org.xerial.sqlitejdbc. Ina ta kiran mutum da sunan da ya daina amsawa.

Ba SQLite kaɗai ba ne. Gson, laburaren Google na karanta JSON, a siga 2.8.5 sunansa gson, daga 2.8.6 ya koma com.google.gson. Wani abokina a Hunƙuyi da ke rubuta manhajar lissafin kuɗin makaranta ya turo mini hoton allonsa ta WhatsApp, ya rubuta `requires mysql.connector.java` Java tana cewa ba ta san shi ba. Dalili shi ne daga siga 8.0.31 an sauya sunan fayil ɗin daga mysql-connector-java zuwa mysql-connector-j, sunan modul ɗin ya bi shi ya zama mysql.connector.j. Haruffa uku ne suka hana shi barci.

To kada ka yi hasashe, kada kuma ka kwafa daga bidiyo. Tambayi fayil ɗin da kansa. Buɗe Command Prompt a foldar da yake, ka rubuta:

```
jar --describe-module --file=sunan-fayil.jar
```

Kalmar farko da za ta fito, kafin alamar @, ita ce sunan da za ka saka a gaban `requires`. Idan ka ga an rubuta "No module descriptor found. Derived automatic module." to laburaren ba shi da nasa module-info, Java ce ta ba shi suna. Riƙe wannan a ranka, zai dawo mana a ƙarshen darasi. Idan kuma ya ce maka "No root module descriptor, specify --release", ba matsala ba ce, sun ajiye bayanin ne a wani lungu na fayil ɗin. Ƙara `--release 9` a ƙarshen umarnin ka sake.

Ga inda masu waya za su shigo. Idan kana da Termux, rubuta `pkg install openjdk-17`, za ka samu java da javac da jar duka. Ba za ka ga tagar JavaFX a nan kai tsaye ba, amma za ka iya sauke kowane jar ka tambaye shi sunansa, ka rubuta ƙaramin module-info, ka jawo kuskuren da gangan ka gyara. Ni a ganina wannan ya fi kallon bidiyo goma amfani.

Tun da sunan wasu laburaren daga sunan fayil yake fitowa, kada ka sauya wa jar suna don ya yi maka daɗin karantawa. Ka mayar da shi mysql.jar, modul ɗin ya zama mysql. Sannan idan ka sauke fayil sau biyu, ko aka turo maka ta Xender alhali kana da shi, za ka tarar da kwafi biyu a folda ɗaya, sai Java ta ce "Two versions of module" ta ƙi tashi. Goge ɗaya. Wannan ma ya same ni a daren nan, sakamakon saukewar da na yi ta yi.

Tambaya ta biyu: a wace hanya ka ajiye shi

Yanzu hanyoyi biyu ne, classpath na da, da modulepath na yanzu. Duk jar ɗin da ka ajiye a classpath yana faɗawa cikin wani taron da Java ke kira unnamed module, wato marar suna. Dokar kuwa ita ce modul mai suna ba ya iya kiran marar suna da `requires`. Saboda haka ko sunan da ka rubuta daidai ne, idan fayil ɗin yana classpath, ba za a gan shi ba. Alamar wannan ita ce saƙon da ke cewa "is declared in the unnamed module, but module shago does not read it". A Eclipse kuma za ka ga jan layi a ƙarƙashin sunan da rubutun "cannot be resolved to a module".

A Eclipse, danna dama a kan aikin, shiga Build Path, sannan Configure Build Path, sannan Libraries. Za ka ga rassa biyu, Modulepath a sama, Classpath a ƙasa. Ja fayil ɗin daga ƙasa zuwa sama. NetBeans ma haka ya raba su a ƙarƙashin Libraries cikin Properties. Idan da hannu kake kunnawa:

```
java --module-path "C:\javafx-sdk\lib;lib;out" --module shago/shago.Main
```

Lura da abu biyu. A Windows da alamar ; ake raba folda da folda, a Linux da Mac kuwa da alamar : ne. Kuma idan akwai tazara a sunan folda, kamar Program Files, dole ka sa alamar zance a farko da ƙarshe, in ba haka ba Java za ta yanke hanyar a tsakiya ta ce ba ta ga komai ba.

Akwai bambancin da ya kamata ka iya karantawa. Idan saƙon ya fara da "error: module not found", a lokacin harhaɗa kod ne abin ya tsaya. Idan kuwa ka ga wannan:

```
Error occurred during initialization of boot layer
java.lang.module.FindException: Module javafx.controls not found
```

to kod ɗinka ya harhaɗu lafiya, a wajen kunnawa ne ba a nuna wa Java hanyar ba. Gyaran yana cikin Run Configurations, wajen VM arguments, ba a cikin kod ba. Na ga masu goge kod mai kyau saboda rashin gane wannan.

Shawarata ita ce da zarar laburaren da kake amfani da su sun wuce biyu, ka koma Maven ko Gradle. Maven idan ya ga module-info.java shi da kansa yake jera fayilolin a modulepath, kuma da javafx-maven-plugin umarnin `mvn javafx:run` ya wadatar. Gradle ma tun daga siga 7.0 yana yin haka ba sai an gaya masa ba. Amma ka sani, Maven sauke fayil kawai yake yi ya ajiye a hanya. Ba zai rubuta maka `requires` ba. Wuri biyu kake rubuta kowane laburare: pom.xml da module-info.java.

Tambaya ta uku: shin fayil ɗin ya sauka gaba ɗaya, shi da 'yan rakiyarsa

Wannan sashen ba kasafai masu koyarwa na ƙasashen waje ke tsayawa a kansa ba, don su sabis ba ya yanke musu a tsakiyar saukewa. Mu kuwa da ke jona kwamfuta da hotspot na waya, a ƙauyukan Ikara ko Kudan inda sai ka ɗaga waya sama kafin ta kama, kullum ne.

Bayan na gyara sunan SQLite ranar Juma'a da safe, sai wani ya fito:

```
FindException: Module org.slf4j not found, required by org.xerial.sqlitejdbc
```

Karanta ƙarshen layin da kyau. Kalmomin "required by" suna gaya maka wanda ke neman abin. Ba ni ke neman org.slf4j ba, sigar SQLite da na sauke ce ke buƙatarsa. Na ɗauko baƙo na bar ɗan rakiyarsa a tasha. Da na sauke slf4j-api na ajiye kusa da shi, shi ke nan. Wannan shi ne babban dalilin komawa Maven, domin shi yana ɗauko laburare da duk waɗanda ya dogara da su.

Sai dai Maven ɗin ma yana da nasa hali idan sabis ya yanke. Wani lokaci yakan bar rabin fayil, sai ka ga "Error reading module" tare da "zip END header not found". Wani lokaci kuma yakan rubuta wa kansa cewa ya nema bai samu ba, a wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .lastUpdated, sai ya ƙi sake nema ko da sabis ya dawo. Maganin na biyun shi ne `mvn -U clean compile`, harafin U ɗin babba, yana tilasta masa ya sake dubawa. Maganin na farkon kuwa sai ka shiga foldar .m2 da ke cikin foldar sunanka a C:\Users, ka shiga repository, ka nemo foldar wannan laburaren kaɗai ka goge, ka sake saukewa. Kada ka goge .m2 gaba ɗaya kamar yadda wasu ke ba da shawara. Wanda ya ba ka shawarar ba shi zai saya maka data ba.

Abin da nake yi yanzu, duk ranar da na shiga Zariya ko na samu wuri mai sabis mai ƙarfi, sai in rubuta `mvn dependency:go-offline` a kan aikin da nake yi, ya sauke abin da zai sauke. Idan na dawo gida sai in riƙa ƙara `-o` a umarnina don kada ya nemi intanet. Ba kowane lokaci yake kwaso komai da komai ba, don haka kafin ka bar wurin ka kunna manhajar sau ɗaya ka tabbatar.

Idan kuma za ka karɓi fayilolin JavaFX daga wajen aboki ta filasha, ka tambaye shi irin kwamfutarsa. JavaFX kowane tsari da nasa: akwai mai ƙarewa da win, akwai linux, akwai mac. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a sunansa, wanda Maven ke ajiyewa kusa da su, kusan fanko ne. Ka duba girmansa za ka gani.

An ga modul, amma an hana shi shiga

Da ka wuce waɗannan ukun, saura kurakuran da ba su ce "not found" ba amma 'yan gida ɗaya ne. Mafi sauƙinsu shi ne "package java.sql is not visible". Wannan na cikin JDK ne, ba sai ka sauke komai ba, `requires java.sql;` kawai za ka ƙara. Modul ɗin java.base ne kaɗai ake ba ka kyauta ba tare da ka nema ba.

Wanda ya fi cin rai shi ne na teburi. Ranar Juma'a da yamma manhajar Alhaji ta tashi, na saka sunayen manoma biyar na gwaji, rumbun ya karɓa, amma teburin ya nuna layuka biyar babu rubutu ko ɗaya. Manhajar ba ta faɗi ba, ba ta nuna jan akwati ba. Sai da na leƙa ƙasan Eclipse na ga gargaɗi cewa javafx.base ba ya iya kaiwa ga kilas ɗina domin modul ɗin shago bai buɗe masa ƙunshin ba. Abin da ke faruwa shi ne PropertyValueFactory, da FXMLLoader, da Gson, duk suna aiki ne ta hanyar leƙa cikin kilas ɗinka lokacin da manhaja ke gudana. Zaure bai ishe su ba, sai an ba su izinin shiga ciki. Ga yadda fayil ɗin ya koma:

```
module shago {
    requires javafx.controls;
    requires javafx.fxml;
    requires java.sql;
    requires org.xerial.sqlitejdbc;
    requires com.google.gson;

    opens shago.fuska to javafx.fxml;
    opens shago.bayanai to javafx.base, com.google.gson;
    exports shago;
}
```

Ƙunshin shago.fuska shi ne inda masu kula da fayilolin FXML suke, shago.bayanai kuma inda kilas irin su Manomi da Bashi suke. Lura cewa ƙunshi ɗaya sau ɗaya ake buɗe shi, sai ka jera masu izinin da waƙafi. Idan ka rubuta `opens` biyu a kan ƙunshi ɗaya, javac zai ƙi. Kuma buɗe shago ba ya nufin ka buɗe shago.bayanai, ko da sunan ya nuna kamar ɗaya yana cikin ɗaya. A wajen Java gidaje ne daban.

Duk lokacin da ka ga InaccessibleObjectException ko IllegalAccessException, karanta saƙon har ƙarshe. Yawanci yana rubuta maka ainihin sunan ƙunshin da sunan wanda za a buɗe wa. Akwai gajeriyar hanya, ka rubuta `open module shago` a sama, komai ya buɗe wa kowa. Tana aiki, kuma a ƙaramar manhajar shago ban ga laifinta ba.

Akwai kuma rikicin da ke tashi idan modul biyu suna ɗauke da ƙunshi mai suna ɗaya. Wanda aka fi gani shi ne tsohon xml-apis da wani laburare ke jawowa, ya yi karo da java.xml na cikin JDK, Eclipse ya ce "accessible from more than one module". Rubuta `mvn dependency:tree` ka ga wanda ya jawo shi, ka cire shi da exclusion a pom.xml.

Ranar kai aiki, da maganar cire module-info gaba ɗaya

Na kai wa Alhaji aikinsa ranar Asabar bayan la'asar. Ya sa aka karanto masa sunan wani manomi daga littafi, na rubuta, bashin ya fito. Ya ce, "To, ɗana, idan wannan kwamfutar ta lalace fa?" Na ce, "Alhaji, akwai maɓallin da ke kwafe komai zuwa filasha, kowace Juma'a a riƙa dannawa." A kwamfutarsa na saka JDK da hannuna na yi masa gajeriyar hanya a fuskar allo, abin ya wuce.

Matsalar ta fito ne bayan wata biyu, da wani dillalin mazarƙwaila a Makarfi ya ga manhajar ya ce yana son irinta, amma a tura masa ta waya ya sa yaronsa ya saka, ba sai na je ba. Nan ake buƙatar jlink, wanda ke haɗa manhajarka da iya sassan Java da take buƙata su zama folda ɗaya, mai karɓa ba sai ya saka Java ba. Wannan shi ne babban amfanin tsarin modul ga irinmu, domin abin da za ka tura ya fi cikakken JDK ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Amma a sigar dillalin na ƙara wani laburare na buga rasit, sai jlink ya ce:

```
Error: automatic module cannot be used with jlink
```

Ka tuna saƙon "Derived automatic module" da na ce ka riƙe? Ga inda ya dawo. Laburaren da ba shi da nasa module-info zai yi aiki a Eclipse, zai yi aiki da Maven, amma jlink ba ya karɓarsa, ko da yana da Automatic-Module-Name. Shi ya sa yanzu kafin in saka kowane laburare a aiki nake fara tambayarsa da `jar --describe-module`, tun kafin in gina komai a kansa.

Mafita uku ce. Ka duba ko sabuwar sigar laburaren ta zo da module-info, wannan ya fi sauƙi idan an dace. Ko ka ƙirƙira masa da kanka: `jdeps --generate-module-info` yana rubuta daftari, ModiTect a Maven ko Badass JLink a Gradle suna cusa shi cikin jar ɗin. Yana aiki, amma idan laburaren yana da 'yan rakiya da yawa za ka sha wahala. Ko kuma ka cire module-info.java gaba ɗaya manhajarka ta koma ta classpath.

Wasu na ganin ta ukun kamar gazawa ce. Ni ban ɗauke ta haka ba. Manhajoji da yawa na Java har yau a classpath suke gudana, kuma dillalin mazarƙwaila bai damu da ko akwai modul a ciki ba, rasit yake so ya fito. Abin da za ka sani shi ne idan ka cire fayil ɗin kuma JavaFX tana classpath, za ka gamu da "JavaFX runtime components are missing". Dabarar da ta yaɗu ita ce ka yi wani kilas daban wanda bai gaji Application ba, shi ya kira main na ainihi. Tana aiki, sai dai sababbin sigogin JavaFX suna fitar da gargaɗin "Unsupported JavaFX configuration", wato masu ita ba su ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka bar JavaFX a modulepath da `--module-path` da `--add-modules javafx.controls,javafx.fxml`, naka kod da sauran laburaren su zauna a classpath. Ko ka sauke JDK da ya zo da JavaFX a cikinsa, irin Liberica Full ko Zulu FX, ka huta.

Ta ƙarshen na bi wa mutumin Makarfi. Na cire module-info, na yi amfani da jpackage, wanda ya zama cikakken kayan aiki a Java 16 kuma yana karɓar manhajar da ba ta da modul:

```
jpackage --type app-image --name Lissafi --input lib --main-jar lissafi.jar
```

Na zaɓi app-image ne domin yin fayil ɗin exe ko msi na sakawa a Windows yana buƙatar a sauke WiX tukuna, ni kuma datata ta yi ƙasa. Foldar da ta fito ta fi wadda jlink zai bayar nauyi, sai da na matse ta zuwa zip na jira dare sabis ya daidaita kafin ta tafi. Yaron nasa ya warware ta a kwamfutar, ya danna Lissafi.exe, ya turo mini hoton rasit na farko.